Tace ruwan ƙazanta a ƙananan garuruwan Sudan

Tace ruwan ƙazanta shi ne raba ruwan masai da na wanka da wanke-wanke da dattin da ke cikinsa kafin a sake shi kogi ko gona. A Sudan, kusan Khartoum ce kaɗai ke da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe irin wannan ruwa, can ma wani yanki ne na birnin, kuma ruwan yana ƙarewa a tafkunan tacewa na Soba da ke kudancin birnin. Ƙananan garuruwa, irin su Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda mabiya Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, galibi kowane gida da masansa na rami. Mai hali yakan gina abin da ake kira "saifon": kwatami rufaffe haɗe da rijiya mai zurfi da ke shanye ruwan. Illarsa ita ce rijiyar kan kai har ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda maƙwabci ke ja ya sha.

Babbar matsalar yankin Jazira da Sinnar da Gadarif ƙasar ce kanta. Baƙar laka ce, da rani ta dare, da damina ta kumbura ta ƙi shan ruwa, sai masai ya cika ko ya rufta. Haka najasa ke shiga magudanan ban ruwa, inda tsargiya ta daɗe da zama. Kwalarar da aka ayyana ɓarkewarta a watan Agustan 2024, ana tsakiyar yaƙin basasar Sudan, ta najasa take yaɗuwa.

Sai dai lakar nan da ke rusa masai ita ce ta fi dacewa da tafkin tacewa, domin ba ta yoyo. Tafkunan uku ne a jere. Na farko mai zurfin mita 2 zuwa 5, nan kauri ke kwanciya ya ruɓe ba tare da iska ba. Na biyu bai wuce mita 2 ba. Gansakuka ke tsirowa ta ba da oksijin, ƙananan halittu su cinye sauran dattin. Ruwan ya zama kore, kuma koren nan alamar lafiya ce, ko da yake baƙo zai zaci lalacewa ya yi. Na uku marar zurfi ne, rana ke kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa.

Tsarin yana cin fili da makonni, amma ba ya neman lantarki ko kayan gyara daga waje. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1989 ya yarda a yi ban ruwan hatsi da itatuwa da abin da ya fito muddin ƙwan tsutsar ciki bai wuce ɗaya a lita ba. Aikin da ya rage wa hukumar gari shi ne yashe kaurin da ya kwanta bayan 'yan shekaru da nome ciyawar gefe, don in ta yi yawa sauro ke hayayyafa a ciki.