Gundumar Winston: 'Yan Kudun Amurka da Suka Sa Kakin Arewa Suka Yaƙi Jiharsu

A garin Double Springs, hedkwatar gundumar Winston da ke jihar Alabama a Amurka, akwai mutum-mutumin wani soja a gaban ginin kotu. Rabin kakinsa irin na sojan Arewa ne, rabi irin na sojan Kudu, takobinsa kuma a karye. Rubutun da ke wurin ya nuna cewa a yaƙin basasar Amurka gundumar ta ba rundunar Tarayya mutum 239, ta ba rundunar 'yan aware mutum 112. Wannan kuwa a jihar da aka rantsar da shugaban 'yan awaren a babban birninta.

Wane yaƙi ne wannan, kuma wa ke faɗa da wa?

Yaƙin basasar Amurka ne, daga 1861 zuwa 1865. Da Abraham Lincoln ya ci zaɓe a 1860, jihohin Kudu masu dogaro da bayi suka ga alamar cewa bautar ba za ta ƙara yaɗuwa zuwa sababbin yankuna ba, sai suka fara ficewa ɗaya bayan ɗaya har suka kai goma sha ɗaya. Alabama ta fice ranar 11 ga Janairu 1861, da ƙuri'a 61 a kan 39 a taron wakilai da aka yi a Montgomery. A nan Montgomery ɗin aka rantsar da Jefferson Davis a matsayin shugaban sabuwar ƙasar da 'yan awaren suka kafa a watan Fabrairu. Ɗaya ɓangaren shi ne gwamnatin Tarayya da ke Washington, wadda ake kira Arewa a taƙaice.

Waɗannan 39 da suka ce a'a, akasarinsu wakilan arewacin jihar ne, yankin duwatsu.

Me ya bambanta Winston da sauran Alabama?

Ƙasarta. A tsakiyar Alabama akwai baƙar ƙasa mai albarka inda auduga ke yi sosai, a can manyan gandaye suke, a can bayi suka fi yawa. A ƙidayar 1860 bayin jihar sun kai kusan 435,000, wato kusan rabin jama'arta. Winston kuwa tuddai ne da kwazazzabai da dazuzzuka, ƙasar ba ta ɗaukar babban gandu. Mutum ya share 'yar gonarsa, ya shuka masara, ya kiwata 'yan dabbobinsa, shi da matarsa da 'ya'yansa su ne ma'aikatan. Ƙidayar ta nuna fararen fata kusan 3,450 a gundumar, bayi 122, masu bayin kuma ba su wuce mutum 14 ba.

Akwai kuma abin da suka gada. Da yawansu jikokin waɗanda suka yaƙi Ingila ne a yaƙin neman 'yanci, wasu iyayensu sun yi yaƙi a ƙarƙashin Andrew Jackson, mutumin da a 1832, yana shugaban ƙasa, ya tsaya kai da fata cewa babu jihar da za ta yi watsi da dokar Tarayya. Tutar Amurka a wurinsu tutar kakanni ce, ba ta wasu baƙi daga nesa ba.

Wani dattijon gundumar, James Bell, ya rubuta wa ɗansa Henry wasiƙa a watan Afrilu 1861. Ɗan yana zaune a Misisipi kuma ya karkata ga 'yan aware. Uban ya gaya masa cewa masu gandaye zuga shi kawai suke yi ya je ya yi musu yaƙi a kan bayinsu, in ya gama ko kallonsa ba za su yi ba. Shi kuma ɗan, sai ya sa aka kai wasiƙun gidansu gaban gwamnan Alabama a matsayin shaidar cin amana. Tun ba a yi nisa ba yaƙin ya riga ya shiga tsakanin ɗa da mahaifi.

Da gaske ne gundumar ta ɓalle daga jiharta?

Ba ta ɓalle a hukumance ba, ko da yake sunan "'Yantacciyar Ƙasar Winston" ya bi ta har yau. Wakilin da suka tura Montgomery wani malamin makaranta ne ɗan shekara 21, Christopher Sheats. Ya ƙi ƙuri'ar ficewa, ya kuma ƙi sa hannu a takardar bayan an zartar. Daga baya mutanen yankin suka yi babban taro a wata mashaya da ake kira ta Looney. Labarin da aka gada a gundumar ya ce ranar 4 ga Yuli 1861 aka yi shi, ranar bikin 'yancin Amurka. Sun yaba wa Sheats. Sun ce in har jiha na da ikon fita daga ƙasa, to gunduma ma na da ikon fita daga jiha. Sannan suka roƙi ɓangarorin biyu su ƙyale su: ba za su harbi maƙwabtansu na Kudu ba, ba kuma za su harbi tutar kakanninsu ba. An ce wani mai goyon bayan 'yan aware da ke wurin, Dick Payne, shi ya yi musu ba'a da cewa ga Winston ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, sunan kuwa ya zauna.

Abin da suka nema a wannan taro zaman 'yan ba-ruwanmu ne, ba yaƙi ba.

To me ya kai su ga ɗaukar bindiga?

Ba a ƙyale su ba. A watan Afrilu 1862 gwamnatin 'yan aware ta kafa dokar tilasta shiga soja ga duk farar fata daga shekara 18 zuwa 35, daga baya aka ɗaga zuwa 45, a 1864 kuma ta koma daga 17 zuwa 50. Mai kuɗi na iya biyan wani ya tafi a madadinsa. A watan Oktoba 1862 aka ƙara wata doka da ta fi ƙona wa talaka rai: duk gandun da ke da bayi ashirin, an yafe wa farar fata ɗaya zuwa fagen fama, don ya zauna ya tsare su. Ka duba wannan da idon manomin Winston. Shi da ba shi da bawa ko ɗaya, za a ɗauke shi a bar matarsa da garma, wanda ake yaƙin don dukiyarsa kuma yana gida. Talakawan Kudu suka riƙa cewa yaƙin na masu kuɗi ne amma mutuwar ta talaka ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai maza suka fara shiga daji. Yankin kogin Sipsey cike yake da koguna da ramukan duwatsu, wanda ya san wurin zai iya ɓuya watanni. 'Yan sintirin gida da mahayan 'yan aware suka bi su, wani lokaci da karnuka. Wanda aka kama, ko dai ya sa kaki, ko kurkuku, ko a kashe shi a bakin hanya. Shi kansa Sheats an kore shi daga majalisar jiha, an kama shi da laifin cin amana, ya shafe babban ɓangaren yaƙin a tsare. A 1863 aka ƙara da harajin kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, ga masu ƙwace dawaki da hatsi da sunan soja.

A daidai wannan lokaci ne sojojin Tarayya suka iso kusa. Sun kama Huntsville a arewacin Alabama a watan Afrilu 1862, a watan Yuli kuma Kanar Abel Streight ya shiga tuddan yana ɗibar masu son shiga soja. Mutumin da ke kwana a kogo, ana farautarsa kamar dabba, yanzu ya sami inda za shi. Tunda dole ne ya riƙe bindiga, ya zaɓi wanda zai riƙe wa. Tura ce ta kai bango.

Wace runduna suka shiga, kuma me suka yi a yaƙin?

Mafi yawansu sun shiga Runduna ta Ɗaya ta Sojan Doki ta Alabama, ta ɓangaren Tarayya, wadda aka kafa a 1862. Kimanin mutum 2,000 ne suka yi aiki a cikinta, daga Winston da maƙwabtanta irin su Walker, Marion, Fayette da Morgan. Kwamandanta Kanar George Spencer ba ɗan Alabama ba ne, haifaffen New York ne.

Amfaninsu na farko sanin hanya ne. Su ne 'yan leƙen asiri, su ne ja-gora. A watan Afrilu 1863 wasu daga cikinsu suka raka Streight a wani hari da ya kai don yanke layin dogo a Jojiya, yawancin mutanensa a kan alfadarai. Janar Nathan Bedford Forrest na 'yan aware ya bi su kwana da kwanaki, ranar 3 ga Mayu ya sa Streight ya miƙa wuya ta hanyar dabara: ya riƙa zagayawa da 'yan sojojinsa da igwa a gaban idonsa har ya zaci runduna ce babba, alhali ba su kai rabin nasa ba.

A ƙarshen 1864 rundunar ta bi Janar William Sherman a tattakinsa daga Atlanta zuwa Savannah, har ta zama cikin masu yi masa rakiya. A nan kuma hannunsu bai fita da tsabta ba. Sun yi ƙone-ƙone da wawashe gidaje har Janar Frank Blair na ɓangarensu ya rubuta wa Spencer takardar gargaɗi mai zafi. Mutane ne da aka ƙona wa gidaje, suka sami kansu a ƙasar masu gandaye da wuta a hannu. Ana iya gane dalilin, amma matar da aka wawashe wa gida a Jojiya ba ita ta ƙona nasu ba. An sallami rundunar a Huntsville a watan Oktoba 1865.

Iyalan da suka bari a gida fa?

Su suka fi shan wuya, kuma su aka fi mantawa. Matar da mijinta ke daji ita ke noma, ita ke kai masa abinci a ɓoye da dare, ita ake tsarewa a tambaya ina yake. Gidan da aka san ɗansa ya tafi wurin 'yan Arewa, a kwashe masa masara da dabbobi, wani lokaci a cinna masa wuta. Gishiri ya yi tsada ƙwarai a lokacin, ba tare da shi ba kuwa babu adana nama don hunturu. Su ma masu goyon bayan Tarayya sun kafa gungunsu sun rama a kan maƙwabta. A ƙaramar gunduma kowa ya san wanda ya nuna maɓoyar wane, don haka gabar ta daɗe bayan an ajiye makamai.

Don su 'yantar da bayi suka yi yaƙin?

Galibinsu a'a, kuma bai kamata a yi musu kwalliyar da ba tasu ba. Sun ƙi masu bayi, amma ƙin mai bawa daban, son bawa daban. Abin da ya dame su shi ne Tarayyar da suka gada, da gonarsu, da kada a ja su yaƙin wani. Wasu ma daga cikin masu goyon bayan Tarayya a arewacin Alabama suna da bayi.

Sai dai shaidarsu na da nauyi ta wata fuska. Bayan yaƙin an yi ta yaɗa cewa Kudu ta yi faɗa ne don 'yancin jihohi kawai, bauta ba ta cikin lissafi. Wasiƙar James Bell ta 1861 ta nuna cewa manomin da ke tsakiyar abin ya san a kan me ake yi tun ranar farko. Waɗanda suka yi yaƙin 'yanci da gaske kuwa su ne baƙaƙen fata kusan 180,000 da suka shiga sojan Tarayya, da yawansu tsofaffin bayi daga Kudun.

Winston kaɗai ce ta yi haka?

Ko kusa. Masana tarihi sun ƙiyasta fararen fata kusan 100,000 daga jihohin 'yan aware sun sa kakin Tarayya, mafi yawa daga gabashin Tenesi da yammacin Bajiniya. Yammacin Bajiniya ma ya ɓalle baki ɗaya ya zama jiha a 1863. Gundumar Scott a Tenesi ta ayyana kanta 'yantacciya a 1861, ba ta soke wannan shela ba sai a 1986. A gundumar Jones ta Misisipi, Newton Knight ya jagoranci gungun waɗanda suka gudu daga soja suka yaƙi 'yan aware. Kusan ko'ina labarin ɗaya ne: inda auduga ba ta yi, ɗokin ɓallewa ma bai yi ba.

Shin maciya amana ne?

Maƙwabtansu haka suka kira su, suka laƙaba musu sunan da aka ba waɗanda suka bi Sarkin Ingila a yaƙin neman 'yanci. Ni ban yarda ba. Mutumin Winston an haife shi ɗan Amurka, ya kwanta ɗan Amurka, ya wayi gari an ce masa wasu wakilai a Montgomery sun sauya masa ƙasa, ba a ma kawo maganar gaban jama'a sun kaɗa ƙuri'a ba. Wakilinsa ya ce a'a. Amanar da bai ɗauka ba, ta yaya zai ci ta? Abin da za a iya tuhumarsa da shi, shi ne abin da wasunsu suka aikata da bindiga a hannu, a Jojiya da kuma a gida, kuma wannan tuhumar ta hau kan ɓangarorin biyu.

Yaya suka ƙare bayan yaƙin?

Ɓangarensu ya yi nasara, amma sun koma zama cikin waɗanda aka ci da yaƙi, a jihar da ke musu kallon munafukai. Wasu sun tashi sun bar yankin. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma a 1871 don biyan diyya ga 'yan Kudun da suka tsaya mata, amma sai mutum ya kawo shaidu ya tabbatar da biyayyarsa, kuma dukiyar da sojan Tarayya ya ɗauka kaɗai ake biya, ban da wadda 'yan aware suka ƙona. Sheats ya zama ƙaramin jakadan Amurka a Denmark, sannan ɗan majalisar wakilai daga 1873 zuwa 1875. Spencer ya wakilci Alabama a majalisar dattawa daga 1868 zuwa 1879. Ita kuwa Winston ta riƙe jam'iyyar Republican, jam'iyyar Lincoln, shekaru aru-aru a lokacin da kusan duk Kudu ke bin Democrat, jikoki suna kaɗa ƙuri'a a inda kakanninsu suka tsaya a 1861.