Waiwaye: Yadda Amurka ke amfani da haraji don hana gine-gine cinye gonaki

A Amurka manomi na iya sa hannu a yarjejeniyar da za ta haramta yanka fulotai da gina gidaje a gonarsa har abada. Gonar tana nan a hannunsa, ya noma, ya sayar, ko ya bar wa magada, amma haramcin yana bin ƙasar duk hannun da ta shiga. Ƙungiyar kare filaye ko wata hukumar gwamnati ce ke riƙe yarjejeniyar, tana kai ziyara don ganin ba a saɓa ba.

Tun 1964 hukumar haraji ta IRS ta amince a ɗauki irin wannan a matsayin kyauta mai jawo rangwame. Majalisa ta sa shi cikin doka a 1976, sannan a 1980 ta tabbatar da shi a sashe na 170(h) na dokar haraji, bisa sharaɗin ya zama na dindindin.

Lissafin haka yake: a kimanta gonar kafin yarjejeniya, a sake kimantawa bayanta, bambancin shi ne kyautar. Misali, gonar da magina za su saya dala miliyan 1 ta dawo dala 600,000. Kyautar ta zama 400,000. Ba daga harajin ake cire wannan adadi ba, daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji ne.

Nan gizo ke saƙa. A da, kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara kawai ake yarda a cire, abin da ya rage a ja shi zuwa shekara 5 masu zuwa. Manomin da ke samun dala 50,000 a shekara zai ci moriyar 90,000 ne cikin shekara 6, sauran ya bi ruwa. Attajiri kuwa ya kwashe nasa tas. Sai a 2006 aka gyara: kashi 50 ga kowa, kashi 100 ga wanda fiye da rabin abin da yake samu daga noma ko kiwo yake fitowa, wa'adin kuma ya koma shekara 15. An mayar da wannan na dindindin a 2015. Da ma tun 1997 akwai sassaucin harajin gado, kashi 40 na darajar ƙasar, amma kada ya haura dala 500,000.

Da garaɓasar ta yi kauri, sai 'yan zamba suka shigo. Su haɗa masu zuba jari, su sayi fili da araha, su samo mai kimantawa ya ce ai wurin zai iya zama mahaƙar ma'adinai ko rukunin gidaje, a ninka darajar a takarda, sannan su sa hannu a yarjejeniyar su raba rangwamen. IRS ta sa wa wannan ido a ƙarshen 2016. A Disamban 2022 majalisa ta hana rangwamen ga irin waɗannan haɗakar idan ya wuce ninki biyu da rabi na jarin, sai fa in an riƙe filin shekara 3 ko na iyali ne.

Manomi na gaskiya kuwa, takarda ce ta fi kada shi a kotu. In akwai bashin banki a kan gonar, dole bankin ya rubuta cewa yarjejeniyar tana gaba da haƙƙinsa tun lokacin bayarwa. Gyara daga baya ba ya ceto. Dole a samu rahoton yanayin gonar, da wasiƙar shaidar karɓa daga ƙungiyar, da fom 8283 na IRS. Kimantawar ma tana da lokacinta: wadda aka yi fiye da kwana 60 kafin ranar kyautar ba a karɓarta.