Yot ba kowane jirgin ruwa ba ne

Tun cece-ku-cen da aka yi kan ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi a watan Nuwamban 2023 saboda kuɗin sayen yot na shugaban ƙasa da aka gani a ciki, kalmar yot ta shiga bakin mutane, kuma har yau ba ta zauna daidai ba. A rediyo wani ya ce "yaci", wani ya ce "yacit". A Facebook kuwa duk farin abin da ke yawo a kan ruwa ya samu wannan suna. Ko a majalisarmu ta bakin kasuwa, nan ƙasar Ringim, inda babban ruwan da muka sani shi ne kogin Haɗeja idan ya kawo, samari na miƙa waya hannu-hannu suna cewa ga jirgin da ɗan wane ya saya. Turawa na rubuta ta yacht, amma a baki yot ce kawai.

Furucin bai dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake haɗa jirage uku a kira su da suna ɗaya. Akwai katafaren jirgin yawon buɗe ido mai hawa-hawa, wanda ke kwasar dubban mutane, kowa da tikitinsa da ɗakinsa, kuma kamfani ne ya tsara inda za a tsaya. Akwai jirgin fito, mai ƙetarar da mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Yot ba ya cikin waɗannan. Ba a sayar da kujera a cikinsa, ba ya dakon kaya, ba ya kamun kifi don kasuwa. Jirgi ne na hutu da nishaɗi, inda mai shi ya ce a nufa nan ake nufa. Girma ba shi ne ma'auni ba: akwai mai tsawon mita 10 da iska ke turawa, akwai Azzam mai mita 180 da aka ƙera a Jamus a 2013. Masu harkar dai sukan sa wanda ya wuce mita 24 a sahun manya.

Asalin kalmar daga Holan take, kuma ma'anarta farauta. Haka mutanen can suke kiran wasu ƙananan jirage marasa nauyi, masu gudu, waɗanda ake bin sawun 'yan fashin teku da su har cikin ruwa mara zurfi inda babban jirgi zai kafe. Jirgin tsaro ne ke nan tun farko. Da attajiran Amsterdam suka yi ƙarfi sai suka mayar da irinsa abin hawan fita shan iska da tarar manyan baƙi. A 1660, lokacin da Sarki Charles na Biyu ya koma gadon sarautar Ingila bayan zaman gudun hijira, mutanen Holan suka yi masa kyautar guda ɗaya mai suna Mary. Abin ya shiga ransa, ya sa aka ƙera masa wasu. A 1661 ya yi tsere da ƙanensa a kogin da ya ratsa Landan, daga Greenwich zuwa Gravesend su dawo, a kan fam 100. Daga nan kalmar ta bar hannun masu gadin teku ta koma ta sarakuna da masu hannu da shuni, kuma sama da shekara 360 ke nan ba ta dawo ba.

Shi ya sa bayanin da aka yi mana a 2023 bai gamsar da ni ba. An ga naira biliyan 5 da 'yan kai a ƙarƙashin rundunar sojin ruwa, an rubuta yot na shugaban ƙasa. Da aka yi ca, fadar shugaban ƙasa ta ce jirgin aikin soja ne mai na'urorin tsaro, kuma tun gwamnatin baya aka nemi a saye shi. Daga bisani majalisa ta cire kuɗin ta ƙara a kan lamunin ɗalibai. Ni a ganina wanda ya rubuta kalmar a takardar kasafi ya san abin da ya rubuta, don sojan ruwa ba su rasa sunayen jiragen sintirinsu ba. Masu fassara mana labarai da suka tsaya a "jirgin ruwan shugaban ƙasa" sun sauƙaƙa wa gwamnati, domin talaka zai ɗauka abin hawa ne na aiki. Jirgin shaƙatawa ya kamata a ce. Mutanen da suka ga abin da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya aka rasa aƙalla rai 29, sun cancanci a gaya musu wane irin jirgi ake shirin saya da kuɗinsu.

Rikici na biyu ya fi yawa a wajen matasa. Wani ɗan yayata ya nuna mini bidiyon wani saurayi a Dubai, ya kishingiɗa a bayan jirgi da baƙin tabarau, ya ce, "Kawu, wannan fa ya gama da duniya, har jirgin ruwa gare shi." Na ce masa ya fara tambaya ko shata ce. Kowa a nan ya san bambancin wanda ya je tasha ya biya kuɗin kujera, da wanda ya ɗauki shatar Sharon don kai amarya, da kuma mai motar kansa. Ran ɗaukar amarya motar taku ce, ku ke cewa a tsaya ko a wuce, amma da magariba direba zai juya da abarsa. To mafi yawan waɗanda ake gani a kan yot 'yan shata ne. A Dubai ma da awa ake bayarwa, abokai su yi karo-karo su hau na awa biyu, su ɗauki hotunan da za su yi wata suna sakewa.

Shatar gaske ta mako ce, kuma a Bahar Rum galibi daga Asabar zuwa Asabar. Iri uku ce. Ko a ba ka jirgin zalla ka tuƙa da kanka, wannan sai ka nuna takardar shaidar iya tuƙi. Ko a haɗa ka da matuƙi. Ko kuma a ba ka shi da ma'aikatansa duka, har da kuku da masu gyaran ɗaki. A wannan na ukun kuɗin da aka faɗa maka ba shi ne ƙarshe ba: za ka ajiye kusan kashi 30 cikin 100 a kai tun kafin a tashi, na mai da abinci da kuɗin kwana a tasha, sannan ga tukwicin ma'aikata idan an sauka.

Inda ake zuwa kuma yanayi ne ke yankewa. Daga Mayu zuwa Oktoba harkar tana Bahar Rum. A Kuroshiya, mai tsibirai fiye da 1,000, ana tashi daga Split a bi ta Hvar da Korcula a gangara Dubrovnik, garin da har yau ganuwarsa ta dutse ke tsaye a bakin teku. Tsibiran kusa suke da juna, tafiyar 'yan awoyi, a yi wanka a wani lungu da hantsi, a kwana a wani gari. A Girka sunan Mykonos da Santorini ya fi fita, amma a Yuli da Agusta akwai iskar arewa mai ƙarfi da suke kira meltemi, wadda kan tsare jirgi a tasha kwana da kwanaki. Saboda haka sababbin hannu sun fi son ɓangaren yamma, wajen Corfu da Lefkada, inda ruwan ya fi kwanciya. Turkiyya na da Bodrum da Marmaris da Fethiye, da jiragensu na katako da ake kira gulet, kuma Musulmi zai fi sakewa a nan ta fuskar abinci da masallaci. Su Monaco da Saint-Tropez da Capri da Porto Cervo wuraren a-gan-ni ne, can manyan jirage ke jeruwa. Idan sanyi ya shiga Turai sai jirage da yawa su tsallaka Atlantika zuwa Karebiyan, su Antigua da tsibiran Virgin, daga Disamba zuwa Afrilu, kafin lokacin guguwa da ke farawa a Yuni.

Ban ga laifin mutum ya yi halaliyarsa ya je ya ga ikon Allah a teku ba. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya raina gonar ubansa saboda hayar awa biyu da wani ya yi.

Su ma masu jiragen da yawansu haya suke bayarwa, domin riƙon yot cin kuɗi ne da shi. Masu harkar kan ƙiyasta cewa a shekara yana lashe kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka saye shi, tsakanin albashi da gyara da inshora da wurin ajiya. Wani yot mai suna Galactica Star, mai mita 65, a da na wani ɗan kasuwar mai ne ɗan Najeriya, kuma an riƙa ba da shi shata ga masu kuɗin duniya. A Yulin 2017 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta shigar da ƙara tana neman ƙwace kadarori na dala miliyan 144 da ta ce an same su ta hanyar cin hanci a kwangilolin man Najeriya, ciki har da wannan jirgi da aka yi wa kuɗi dala miliyan 80. A Janairun 2025 aka sa hannu kan dawo wa Najeriya da dala miliyan 52.88 daga waɗannan kadarori, aka ce miliyan 50 za su tafi ga samar da wutar lantarki a karkara ta hannun Bankin Duniya.