Wai mece ce "dijital" ɗin nan da ake laƙaba wa laburare?

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo a Kaduna ba ka ji kalmar ba. Tattalin arzikin dijital, noman dijital, makarantar dijital. Ranar nan a Kasuwar Barci na ga allon wani tela an rubuta "ɗinkin dijital". Ban tanka masa ba, neman abincinsa yake yi. Wanda ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wani babban mutum da aka gayyato cikin wani shiri, ya ce sun "mayar da laburare dijital". Da aka tambaye shi ta yaya, sai ya lissafo: an yi fenti, an sa na'urar sanyaya ɗaki, an jera kwamfutoci. Mai gabatarwa ya ce madalla, aka wuce.

Asalin kalmar daga Latin ne, digitus, wato yatsa. Mutanen da can da yatsu suke ƙirge, kamar yadda mai ƙosai take lanƙwasa nata in tana lissafin kuɗin ciniki. Daga nan sunan yatsa ya koma sunan alƙaluman nan goma, daga 0 zuwa 9. Da kwamfuta ta zo sai aka tarar ita yatsu biyu kacal gare ta, 0 da 1, kuma duk abin da za a ba ta, rubutu ne ko hoto ko murya, sai an juya shi zuwa jerin waɗannan biyun kafin ta riƙe. Abin da aka juya ɗin shi ake kira dijital.

Waɗanda suka yi zamanin kaset za su fi saurin ganewa. Ka ba mai shago kaset ɗin wa'azi ya kwafa maka, wani ya kwafa daga naka, wani daga nasa. Kafin a kai na biyar muryar malam ta zama kamar daga rijiya yake magana, ga shuuu a bayanta. Dalili kuwa, kaset zanen sautin yake ɗauka, kowane kwafi kuma sai ya ɗan goge zanen. Yau wa'azin nan zai bi ta wayoyi dubu, in dai fayil ɗin aka tura yadda yake, na ƙarshe ya ji abin da na farko ya ji, domin lambobi ake miƙawa, kuma 1 ba ta tsufa ta zama rabi. Amfanin abin ke nan gaba ɗaya: a kwafa ba asara, a aika ba kuɗin mota.

To ka ga siffa ce ta abin da aka adana, ba ta ɗakin da aka ajiye na'ura ba. Kwamfuta rumbu ce. Wanda ya gina rumbu ashirin bai yi noma ba tukuna.

In da gaske ake, a garin nan akwai aikin yi har ya yi yawa. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello da ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana riƙe da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Reshen Kaduna na hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa yana da fayilolin zamanin Turawa da na En'e. Ga tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939. A ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta wane ne ya rubuta shi, yaushe, a kan me, a tsara yadda ɗalibi a Kafanchan ko Birnin Gwari zai nemo shi a wayarsa. Wannan shi ne mayarwa dijital. Aiki ne na haƙuri, shafi bayan shafi, kuma ba a yanka masa kyalle a ɗauki hoto, shi ya sa ba ya burge masu jawabi.

Ruɗani na biyu ya fi na farko illa, wato zaton cewa dijital hanyar tsimi ce. Ba mu kaɗai kuɗin laburare ya yanke wa ba. A Birtaniya an rufe rassa kusan 800 tsakanin 2010 da 2019, wasu aka rage musu lokutan buɗewa, wasu aka bar wa 'yan sa-kai. Mu a nan ba ma rufewa a hukumance. Sai dai a daina sayen littafi, a daina karɓar jarida, ma'aikaci ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. Ko hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke Abuja, wadda aka ba da kwangilarta tun 2006, ta kwashe shekara da shekaru tana jiran a kammala ta. Cikin wannan hali in wani ya ce a koma dijital, sai a ji kamar an sami mafita: ba sayen littafi, ba gara, ba ƙura.

Amma littafin takarda in ka saya naka ne. Wanda aka saya a 1975 yana nan a kan kanta, ko da bangonsa ya yage. Na dijital yawanci haya ne. A 2011 kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya sa wa laburarorin Amurka ƙa'ida cewa littafinsa na dijital in an are shi sau 26, lasisin ya ƙare, sai a sake biya. Mujallun ilimi kuwa kuɗin shekara ne, galibi da dala, ranar da ka gaza biya ƙofa ta rufe. Sannan ga wuta. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin farko, wato Band A, waɗanda aka fi ba wa wuta, wanda ba ya wannan rukunin kuma janareta ne gatansa, bayan an cire tallafin mai a 2023. Ga kuɗin intanet, ga mai gyara. Kada kuma a ce abin ba ya lalacewa: a Oktoban 2023 masu kutse suka afka wa babban laburaren Birtaniya da ke Landan, aka yi watanni mutane ba sa iya duba kundin littattafansa ta intanet. Su da suke da kuɗi ke nan.

Ana yawan cewa waya ce ta kore mutane daga laburare. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ni ban yarda ita kaɗai ba ce. Yaro ɗan shekara 17 ya shiga ya tarar littafin kimiyya mafi sabunta ya girme shi, me zai dawo yi?

Duk da haka suna zuwa. Watannin baya na leƙa wani laburare, ba sai na faɗi wanne ba. Ɗakin da aka rubuta wa "dijital" a ƙofa yana kulle da kwaɗo, na tambaya aka ce makulli yana wajen oga, oga kuma ya fita. Ta taga na hango kwamfutocin an lulluɓe su da leda. Zauren karatu kuwa cike yake, 'yan JAMB da WAEC da masu shirin jarrabawar aikin jinya, kowa da littafin da ya zo da shi daga gida. Kujera suka zo nema, da shiru, da wurin da ba za a aike su sayen magi ba.

Wata yarinya ta taso ta sami maigadi ta ce, "Baba, don Allah ko akwai inda zan ɗan sa caji?" Ya ce, "'Yata, tun safe ba su kawo ba." Ta koma ta rage hasken wayar, ta ci gaba da karanta tsofaffin tambayoyin jarrabawa da aka turo mata ta WhatsApp, tana kwafe su da biro cikin littafi kafin batirin ya mutu.