Ɗora Bayanan Hatsarin Mota a Kan Taswirar Google Earth

Rajistar sashen agajin gaggawa na asibiti tana nuna mutum nawa aka kawo, da irin raunin da suka ji, da wanda ya tashi da wanda ya cika. Abin da ba kasafai take nunawa ba shi ne ainihin wurin da abin ya faru, alhali kuwa a can ne ake iya hana na gaba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma babu abin da ya kai hatsarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗannan mace-mace ba a warwatse suke ko'ina daidai wa daida ba. Suna taruwa ne a wata kwana, a wata mararraba, a inda jama'a ke tsallaka titi. Idan aka ɗora su a kan hoton tauraron ɗan'adam, ido zai ga taruwar nan take.

Manhajar da ta fi sauƙin wannan aiki ita ce Google Earth Pro ta kwamfuta, wadda ta zama kyauta tun 2015. Fayil ɗin da take karantawa shi ne KML, ko KMZ idan an matse shi. Ba sai kun iya rubuta shi ba. Ku shirya jadawali a Excel ko makamancinsa, kowane hatsari layi guda: lambar shaida, rana, lokaci, latitud da longitud (lambobi biyu da ke nuna inda wuri yake a doron ƙasa), yawan waɗanda suka rasu, yawan masu rauni, da ko a ƙafa suke, ko a babur, ko a mota. Ku adana shi a tsarin CSV, wato jadawali a rubutu zalla. A cikin manhajar ku shiga File, ku zaɓi Import, ku nuna mata wane shafi ne latitud, wane ne longitud. Kowane hatsari zai fito a matsayin ɗigo a kan taswirar, kuma za ta tambaya ko kuna son tsara launi. Ku amsa, ku ba hatsarin da aka rasa rai ja, na mummunan rauni ruwan lemo, sauran kuma wani launi mara ƙarfi. Launi uku sun isa. Idan suka kai bakwai, taswirar ta zama atamfa.

Kafin fayil ɗin ya fita daga hannunku, ku cire suna, lambar waya, lambar mota da lambar katin asibiti. Duk abin da ke cikin jadawalin yana bayyana ga wanda ya danna ɗigon, kuma fayil ɗin KMZ yana yawo daga waya zuwa waya ba tare da an tambaye ku ba.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne lambobin wuri, don haka a nan ya kamata a yi taka-tsantsan. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne. Ke nan lamba uku bayan aya suna kai ku kusa da wurin da tazarar mita 111, huɗu mita 11, biyar kuma kusan mita ɗaya. Wanda ya rubuta biyu kawai zai iya kauce wa wurin da ɗaruruwan mitoci, sai hatsarin mararrabar farko ya koma ta uku. Ku dage a kan biyar. Wayar hannu a fili tana kama wuri cikin tazarar mita biyar ko kusa da haka, amma tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin bishiyoyi kuskuren yana ƙaruwa, saboda haka a ɗan jira lambar ta daina rawa kafin a rubuta.

Sai musanya. Mutane sun saba faɗin latitud kafin longitud, amma a cikin KML longitud ke zuwa da farko. Idan aka juya su, ɗigon zai iya faɗawa wani wuri mai nisa, har wata ƙasa ko tsakiyar teku. Haka alamar debewa: wuraren da ke yamma da layin Greenwich da waɗanda ke kudu da ikwaita suna ɗauke da ita, idan ta ɓace sai wurin ya tsallaka wancan ɓangare na duniya. Akwai kuma ruɗanin digiri da minti. Digiri 11 da minti 30 daidai yake da 11.5, domin minti 60 ne a digiri. Mai rubuta 11.30 ya kauce da kusan kilomita 22. Gurbin da aka bari babu komai, ko aka cika da sifili, yakan tara ɗigogi a Tekun Gini, inda sifili ya haɗu da sifili. Ko manyan rumbunan bayanai suna da irin wannan tarko: FARS, wanda ke tattara hatsarin da aka rasa rai a Amurka tun 1975, yana sa jerin lambobi irin su bakwai-bakwai ko tara-tara a inda ba a samu wurin ba, kuma dole a tace su tukuna. Hanya mafi sauƙi ta kama manya daga cikin waɗannan kura-kurai ita ce a ja taswirar baya har a ga duniya gaba ɗaya. Ɗigon da ya yi batan kai zai fito fili.

Wani kuskuren ba ya nuna kansa haka. Idan mai cike takarda ya ɗauki lambar a ofis ko a asibiti maimakon a wurin hatsarin, za ku ga ɗigo ashirin sun hau kan juna a kan rufin gini ɗaya. Duk tarin da bai faɗi a kan kwalta ba, ku tuhume shi.

Idan bayanai sun tsabtata, ku ɗauki ma'aunin da ke cikin manhajar, ku zana da'ira mai faɗin mita 100 zuwa 200 kewaye da tarin, ku ƙirga abin da ke ciki. A yi amfani da bayanan shekara 3 zuwa 5. Shekara ɗaya tana yaudara: wurin da ya yi muni bana yakan yi sauƙi baɗi ko ba a taɓa shi ba, sai a yabi gyaran da bai yi komai ba. Ku kuma tuna cewa babbar hanya za ta fi ƙarama yawan ɗigo saboda yawan ababen hawa kawai, don haka a kwatanta hanya da irinta. Inda kuma babu ɗigo ba lallai lafiya ce ba, musamman a karkara, inda ake kai mai rauni gida ba tare da an rubuta ba. Wanda ya rasu a asibiti cikin kwana 30 bayan hatsarin ana lissafa shi cikin mamatan hatsarin, saboda haka a koma a canza launin ɗigonsa.

Ku duba kwanan watan hoton da ke ƙasan allo. Zai iya kasancewa tsoho da shekaru. Maɓalli mai alamar agogo yana buɗe tsofaffin hotuna, da shi za ku gane yaushe aka faɗaɗa titin, ko aka yi shataletale, ko aka gina makaranta a tsallake, sannan ku gwada da lokacin da hatsarin ya fara yawa. Sai dai hoto daga sama ba ya nuna fitilar da ta mutu, ko fentin da ya goge, ko gudun da direbobi ke yi, kuma gudu shi ne babba: ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar hatsari mai kisa da kusan kashi 4. Don haka ku zaɓi wurare biyar mafi muni, ku je kowanne a daidai lokacin da jadawalin ya nuna an fi yin hatsari, da dare idan da dare ne, ku tsaya awa guda kuna rubuta inda mutane ke tsallakawa da inda motoci ke tsayawa. Wannan takarda, haɗe da hoton taswirar da kuka adana, ita za ku miƙa wa hukumar kula da hanyoyi.