Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini Kan Kiɗan Dauri na Turai

Na gaji da maimaita waɗannan amsoshi ga mutum ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tattara su a nan.

Mene ne kiɗan dauri na Turai?

Kiɗan da aka tsara a Turai kafin wajen shekarar 1750, shekarar da Bach, shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe, ya rasu, wanda yau ake kaɗa shi da irin kayan kiɗan wancan zamanin.

Ai wannan na Turawa ne, me ya haɗa mu da shi?

Mai faɗar haka bai duba tarihi ba. Sunan molon Turawa da ake kira lut daga kalmar Larabci ta al'ud ya samo asali, kuma ta Andalus kayan ya shiga Turai. A littafin waƙoƙin da Sarki Alfonso na 10 na Kastila, a ƙasar Sifen ta yau, ya sa aka rubuta a ƙarni na 13, akwai zanen Musulmi da Kirista suna kiɗa kafaɗa da kafaɗa. Algaitar da ake busa wa sarakunanmu kuma dangi ɗaya ce da busar da Turawan wancan lokacin suke yi a tituna.

Akwai waɗanda suka gwada haɗa makaɗan Afirka da na Turai da gaske?

Akwai. Jordi Savall, makaɗin dauri ɗan Kataloniya ta ƙasar Sifen, wanda ya kafa ƙungiyarsa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1974, ya shirya wasa kan tarihin cinikin bayi daga 1444 zuwa 1888, inda Kassé Mady Diabaté da Ballaké Sissoko na Mali suka zauna da shi a matsayin abokan aiki. A 2008 Toumani Diabaté, shi ma ɗan Mali, ya kaɗa kora, wato molon Mandinka mai tsirkiyoyi da yawa, tare da babbar ƙungiyar makaɗan Landan. A 2015 kuma Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa ƙungiyar Chineke a Birtaniya domin makaɗa baƙaƙe da sauran tsiraru su samu gurbi.

Ina da mai goge da mai algaita, ina so in haɗa su da makaɗan Turai. Ta ina zan fara?

Wannan ba ta da amsa guda, domin ya danganta da makaɗan da kuma zauren. Matsala ta farko ita ce saiti. Ƙungiyoyin zamani suna ɗaure tsirkiyarsu a kan 440, wato yawan girgizar sautin da ake saiti da shi a daƙiƙa ɗaya, yawancin na dauri kuwa a kan 415, kuma tazarar tana fitowa fili ko ga kunnen da bai saba ba. Mai goge zai iya bi, tunda yatsunsa ne ke neman sauti a kan tsagiya, amma algaita ba ta da wannan sauƙin, kuma don ƙofar fada aka yi ta, saboda haka a zaure rufaffe za ta danne lut gaba ɗaya. Mai yiwuwa ka ba ta gurbinta ita kaɗai, ko ka fito da wasan fili, ko da yake wannan ma yana iya ɓatar da muryar ƙananan kayan.

Ta biyu ita ce takarda. Su Turawan rubutaccen kiɗa suke bi, shi kuwa mai goge a wurin ubangidansa ya koya da kunne, kuma muryar mawaƙi yake bi. A ganina, gara Turawan su ajiye takarda a wasu wurare su saurare shi, amma hakan yana cin kwanakin gwaji, wanda ba kowace ƙungiya ke iya biya ba. Na taɓa zama a wurin wani gwaji inda aka ce wa wani dattijo ya goga na minti ɗaya ya yi shiru. Ya ɗora gogensa a cinya, ya sunkuyar da kai har aka tashi. Idan abin da za ka yi ke nan, ka bar bawan Allah a gidansa, domin mutanensa da ka gayyato za su gane ado aka yi da shi, kuma ba za su dawo ba. Ka rubuta sunansa a takardar shiri daidai da na kowa, ka kuma biya shi daidai da kowa.

Ni da ban san komai ba, zan iya zuwa?

Ka zo. Idan ba ka san lokacin tafi ba, ka jira na kusa da kai su fara, sannan ka bi su.