Son Ran Siyasa a Bincike: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Malam, mai bincike zai iya zama ba shi da ra'ayin siyasa?

A'a. Wanda ya ce maka ba shi da ra'ayi, da shi za ka fi yin hattara.

Ke nan duk bincike son rai ne?

Wa ya gaya maka? Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi sakataren gwamnatin jam'iyyar PRP a Kaduna zamanin Gwamna Balarabe Musa, kowa ya san inda ya dosa. Amma a Jami'ar Ahmadu Bello an san shi da tsananin tantance hujja: wa ya rubuta, yaushe, don wa? Riƙe ra'ayi ba laifi ba ne; abin da yake laifi shi ne ɓoye hujjar da ta saɓa wa ra'ayinka.

Ina rubutu kan rikicin tsoffin jam'iyyun NEPU da NPC a Kano, duk dattawan da na zanta da su 'yan NEPU ne. Na yi son rai?

To, ya danganta. Tun kafa NEPU a 1950 magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kuma wanda aka daka ya fi riƙe labari. Saboda haka ba mamaki su ne suka fi sakin baki. Sai dai idan su kaɗai ka ji, tarihin ɓangare guda ka rubuta. Je ka ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna da cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa, amma kada ka ɗauka fayil ya fi baki gaskiya: Razdan, wato Baturen mulki mai kula da lardi, da En'e ne suka rubuta shi, a wurinsu ɗan NEPU mai tada zaune tsaye ne. Nemi iyalan 'yan NPC ko da za su ja maka rai. In abin ya faskara, faɗi a babin hanyoyin bincike su wa ka samu, su wa suka ƙi. Wataƙila ma ka rage taken ya koma yadda 'yan NEPU ke tuna zamanin. Wani lokaci hakan ya fi.

Takardar tambayoyina fa?

Idan ka rubuta "Yaya gazawar gwamnati ta shafe ka?", ai ka riga ka amsa wa mutum. Sake ta. Haba, sau nawa zan faɗa?

Mai duba aikina ɗan wata jam'iyya ne. Zai kayar da ni?

Kwantar da hankalinka, akwai mai jarrabawa daga waje. Ka dai daina jayayya da shi a Facebook.